Takardar Nas A Bayan Firam

Shafi na 31

Masu cika min waya da "ina labarin Nas", to ku gyara zama. Ke kuma da kika ce na cika tsananta wa Mai Fenti, karanta wannan shafin tukuna, sannan mu yi magana.

*

Ƙarfe tara saura kwata Nas ta faɗo gidan da mijinta ke aiki, ko sallama babu. Fararen kayan da ta goge tun shekaranjiya ne a jikinta, amma a ƙafarta silifas ne wari da wari, ɗaya nata ɗaya na banɗaki.

Yau ce ranar. Ƙarfe sha biyu daidai za a rufe tantance sababbin ma'aikatan jinya, kuma an rubuta ɓaro-ɓaro a saƙon da aka turo mata cewa duk wanda bai zo da takardar shaidarsa ta asali ba, a ba na bayansa gurbin. Shekara shida tana jiran sunanta ya fito. Shekara shida 'yan unguwa na kiranta Nas, rabi girmamawa rabi tsokana, alhali ko rana ɗaya ba ta taɓa yi a bakin aiki ba. Ga suna ya fito, takarda kuma ta yi layar zana.

Gidan sai ƙamshin sabon fenti yake. Mijin nata, Mai Fenti, na tsugune a falo yana wanke rola cikin bokiti. Baba Magini, dattijon da suke aikin tare, yana zaune kan wofin bokitin fenti yana kankare cokalin gininsa.

"Baban 'yan biyu, ina jaridun?"

Ya ɗago. "Lafiya? Me kike yi a nan? Ba ki tafi ba?"

"Jaridun ƙarƙashin katifa. Ina ka kai su?"

"Waɗanne jaridu kuma?"

"Tsofaffin nan da ka kwasa ranar Litinin! Takardata na tsakiyarsu. Tun da rufi ya yi yoyo ya jiƙa min akwati na mai da ita can don kada ta lanƙwashe. Sau goma sha ɗaya na kira ka, ba ka ɗaga ba."

Rolar ta suɓuce masa cikin bokitin.

"Innalillahi," ya ce, idonsa a kan ruwan. "Kin tabbata? Kin duba da kyau? Koma gida ki sake dubawa, ƙila ta zame bayan gado."

"Na ɗaga gadon. Na zazzage akwati, na zazzage jakar makarantar yara, har cikin tukunya na leƙa kamar mahaukaciya. Ka faɗa min inda ka kai su, don girman Allah."

Baba Magini ne ya ajiye cokalinsa a hankali, ya nuna ƙofar falon da haɓa.

"'Yata, jaridunki suna cikin bango."

"Cikin bango?"

"Tsohon gida ne. Duk firam ɗin ƙofofin nan sun ja baya sun rabu da gini, wani giɓin har hannu ke shiga. In ka ɗura foti shi kaɗai a irin wannan rami, lotsawa zai yi ya sake tsagewa kafin wata biyu. Sai an dunƙule takarda an cusa ta dam, a shafe da foti sau biyu, a goge da samfefa, sannan fenti ya hau. Haka muka yi musu."

"Ƙofa nawa?"

"Bakwai."

Nas ta dubi ƙofar falon. Gefen firam ɗin sumul, fari tas, kamar ba a taɓa samun tsaga a wurin ba tun da aka gina gidan. Wallahi mijinta ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Yau iyawar tasa ce ta zame mata bala'i.

"A wacce ka sa ta?"

"Haba Maman 'yan biyu, ta yaya zan sani? Mutum na dunƙule jarida yana cusawa, zai tsaya karatu ne?"

"To mu fasa."

"Mu me?"

"Mu fasa su duka."

Ya miƙe tsaye. "Kin san me kike faɗa kuwa? Yau Hajiya za ta karɓi makullin gidanta. Motar kaya na hanya. Wannan ne karo na farko da aka ba ni gida sukutum, sati uku ban huta ba. Ki bari mu je makarantarku mu nemi wata."

"Wata? Wadda ta ɓatar da tata a ajinmu wata tara tana zarya kafin a ba ta. Ni awa uku gare ni."

"In ba a dace bana ba, ai akwai baɗi."

Kai jama'a! Baɗi. Ya faɗa mata baɗi kamar mai cewa a ɗaga wanki zuwa gobe. Ba ta san sanda ta zube a gabansa ba, fararen kayanta a kan simintin da ruwan fenti ya jiƙa, ta riƙe ƙafar wandonsa da hannu biyu.

"Ban taɓa roƙonka komai haka ba. Da na ce zan koma karatu da cikin 'yan biyu, kai ka ce in je. Kai kake goya ɗaya ina goya ɗaya ranar jarrabawa. Kada ka bari wahalar nan ta tashi a banza. Laifina ne, ni na ajiye ta a inda bai kamata ba, ban kuma gaya maka ba. Na yarda laifina ne. Ka taimake ni."

Ya kau da kai gefe.

Baba Magini ya tashi, ya zaro sukundireba da ƙaramin kurfi na sassaƙar gini daga jakarsa, ya miƙa mata sukundirebar.

"Tashi 'yata, ba a durƙusa wa mutum a kan bango. Abin da hannu ya shafe, hannu zai sake shafewa. Amma a bi a hankali, kada ƙarfe ya huda abin da muke nema."

"Baba!" in ji Mai Fenti.

"Kai dai ɗauko tsani."

Da ƙofar falon suka fara. Baba na bin gefen firam da kurfi, busasshen foti na zubowa gari-gari, Nas na sa yatsu tana zaro dunƙulen jarida. Kowane ta zaro sai gabanta ya faɗi. Wasu sun sha danshin foti sun manne, in ta zo warwarewa sai su yage a hannunta. Tana addu'a ta gan ta, tana kuma addu'a kada ta gan ta a haka.

Tallan waya. Labarin ƙwallo. Hoton wasu mutane da manyan riguna suna yanka ƙyalle. Babu.

Suka koma kicin. Babu.

Mai Fenti ya tsuguna kusa da ita, shi ma yana warware jaridun ɗaya bayan ɗaya, yana shimfiɗa su a ƙasa. Ganin haka sai tausayinsa ya kama ta. Bawan Allah, aikinsa na sati uku ake rugurguzawa a gabansa, ga shi yana taya ta.

"Ka yi haƙuri," ta ce ƙasa-ƙasa. "In na dawo ni zan riƙe maka bokitin foti har mu gama."

Ya jawo wani dunƙulen ya ci gaba da warwarewa.

Goma saura minti biyar suka gama da ɗaki na farko. Farcenta biyu sun karye, gefen babban yatsanta na jini inda wata tsohuwar ƙusa ta yanke ta. Ta tsotse jinin ta ci gaba. Suna tsakiyar ɗaki na biyu suka ji ƙarar takalmi a tsakar gida.

"Malam mai fenti! Na iso. Direba ya koma ya jawo masu kaya, ina fata dai an…"

Maganar ta tsaya. Hajiya mai gidan ce a bakin falo, da jaka a hammata da gilashi a karan hanci. Ta dubi firam ɗin da aka yi wa kaca-kaca, ta dubi tarin jaridu, ta dubi garin foti da ya rufe sabon tayil ɗinta.

"La'ilaha illallahu. Ɓarayi ne suka shigo, ko ni ce na ɓata gida?"

"Hajiya, ki yi haƙuri, wani ɗan…"

"Jiya da yamma na bar gidan nan kamar ƙwai! Wace ce wannan da sukundireba?"

"Iyalina ce."

"Iyalinka? To faɗan naku bai sami fili a gidanku ba sai a bangona?"

Nas ta rarrafo, har yanzu da guntun jarida a hannunta. Magana ta riƙa fito mata a hargitse, takarda, katifa, sha biyu, shekara shida. Hawaye ya haɗu da farin garin da ke fuskarta ya zama kamar kunu.

"Hajiya ki yi min rai. Ki yi min duk hukuncin da kika ga dama daga baya. Saura ƙofa uku da rabi."

"Da rabi," Hajiya ta maimaita. Ta zare gilashin ta dubi Nas sama da ƙasa, ta tsaya a kan silifas ɗin. "Takardar me kika ce?"

"Ta makarantar jinya."

"Ta asali?"

"Ita kaɗai gare ni."

Hajiya ta ja dogon tsaki, ta juya kan Mai Fenti. "Kai kuma wane irin mutum ne? Takardar makaranta ai ko makaho ya taɓa ta ya san ba jarida ba ce, kaurinta ma daban. Hannu ne da kai ko faranti?"

Ya sunkuyar da kai.

"Shekara talatin na yi ina koyarwa," in ji Hajiya, tana ajiye jakarta a kan taga. "Na san abin da ake sha kafin a samu wannan 'yar takardar. Ku fasa. Amma wallahi Malam, kafin katifata ta kwana a gidan nan sai ka mai da min kowace ƙofa yadda na bar ta. Ke kuma daina kukan nan, hawaye ba ya warware jarida. Miƙo min waccan."

Hajiya da kanta ta zauna kan bokiti tana warwarewa, tana mita.

Ɗaki na biyu, babu. Ɗaki na uku, babu.

Sha ɗaya saura minti goma suka taru a ƙofar banɗaki, ta shida. Sukundirebar sai ƙwace wa Nas take saboda yankan da ke yatsanta. Baba ya karɓe ta, ya ce ta tsaya ga warwarewa kawai. Dunƙule goma sha huɗu suka fito daga wannan firam ɗin. Ta ƙirga su, don ba ta da abin da za ta riƙe hankalinta da shi sai ƙirgar. Na sha huɗun shafin wasan yara ne, har da inda 'yan biyunta suka yi zane da biro.

Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Saura ɗaya," in ji Baba.

Ƙofar sito ce, can ƙarshen lungu kusa da kicin. Nas ta yunƙura ta nufe ta, sai ga Mai Fenti ya riga ta, ya tsaya a gaban ƙofar.

"Wannan kam kada ku wahalar da kanku. Babu takarda a cikinta."

"Kamar yaya?"

"Tsagarta siririya ce, kamar zare. Foti kawai na shafa. Lokaci na tafiya, gara ki je a haka ki yi musu bayani, ƙila su tausaya."

"Ba sa tausayawa, an faɗa mana."

"To ko ki koma gida, ni har yanzu zuciyata na ba ni tana gida."

Baba Magini na tsaye da kurfi a hannu, ya karkata kai yana kallon abokin aikinsa.

"Siririya?" ya ce. "Ƙofar sito?"

"Eh mana, Baba."

"Yaro, tsufa na yi, ban makance ba. Duk gidan nan babu mai giɓinta. Daga sama hannuna har wuyan hannu yake shigewa. Ba ita ce ranar Talata ka ce in je in ci abinci kai za ka ƙarasa ba?"

"Ka manta ne Baba, waccan ta kicin ce."

"Ta kicin ni na yi ta."

Hajiya ta mai da gilashinta kan hanci.

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai yanzu Nas ta lura da zufar da ke bin wuyan mijinta, a gidan da kowace taga ke buɗe. Sai yanzu ta tuna tun da ta shigo bai haɗa ido da ita ba ko sau ɗaya. Wani sanyi ya taso mata daga tafin ƙafa, ta kore shi. A'a. Ba dai shi ba.

"Matsa," ta ce.

"Maman 'yan biyu…"

"Matsa in ji."

Shekara tara tana auren mai fenti, ai ko ba ta riƙe burushi ba ta tsinci wani abu. Shi da bakinsa ya koya mata, ranar da yake gyara ƙofar ɗakinsu suna sabon aure. Ya kama hannunta ya ƙwanƙwasa da shi, ya ce tsagar da aka cusa wa takarda dam ba ta amsawa, wadda aka yi wa ha'inci ita ke ƙara kamar ganga.

Ta dunƙule yatsu ta fara daga ƙasa. Dum. Dum. Ta hau zuwa tsakiya. Dum. Ta jawo tsani ta taka, ta ƙwanƙwasa saman firam ɗin daga hagu. Dum. Ta matsa kusurwar dama.

Ƙwal.

Ta sake. Ƙwal, ƙwal.

Ya riƙe ƙafar tsanin. "Sauko mu yi magana. Don Allah sauko, mu biyu kawai."

"Baba, ba ni sukundireba."

Ko ƙarfi ba ta sa ba. Fotin wurin bai fi kaurin ɓawon ƙwai ba, a bayansa wani ɗan kwali ne aka yanka daidai bakin ramin aka toshe. Ta ɓamɓare shi. Babu jarida ko ɗaya. Ta zura yatsu biyu, suka taɓo wani zare da aka bari yana reto. Ta ja.

Guntun bututun roba ne ya zamo, irin wanda ake zura wayar wuta a ciki, tsawon kamu ɗaya da 'yan kai. An naɗe shi da baƙar leda ninki biyu, an liƙe bakinsa duka biyun da salatif ɗin masu fenti.

Ta sauko a hankali. Ta sa haƙori ta yage salatif ɗin, ta karkata bututun a tafin hannunta.

Takardar ta zamo a naɗe, tsaf. Ta warware ta. Ga sunanta, ga hatimi, ga sa hannun shugabar makaranta. Ko ɗigon foti babu, ko lanƙwasa ɗaya babu. Ta fi yadda take a ƙarƙashin katifa lafiya.

"Alhamdulillahi!" in ji Hajiya, ta tafa hannu. Sai kuma ta tsaya da hannun a haɗe, ta dubi ledar da ke ƙasa, ta dubi bututun. "Tsaya. To wa ya… Au. Au!"

Baba Magini ya juya fuskarsa bango.

Nas ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

"Ka ce mutum na dunƙulewa yana cusawa, ba ya tsayawa karatu."

Ta ɗaga masa bututun.

"Wanda bai gani ba, shi ke yanka bututu? Shi ke naɗe leda ninki biyu? Har da zaren ja ka bar wa kanka."

"Ki saurare ni."

"Ina ji."

"Wallahi ban ɗauko ta da niyya ba. A nan na gan ta, ranar Talata, ina buɗe jaridun ta faɗo. Na sa ta a rigata in kawo miki. Na rantse da Allah niyyata ke nan."

"Sai me ya faru?"

Ya goge fuska da hannun riga, fenti ya shafu a goshinsa. "An ce duk wanda aka ɗauka sai ya yi shekara biyu a asibitin ƙauye. Ke da bakinki kika faɗa. Shekara biyu, Maman 'yan biyu. Ki tafi da yara ko ki bar su, duk ɗaya ne, gidan ya watse."

"Mun yi wannan maganar. Ka ce za ka riƙa zuwa duk ƙarshen sati."

"Na faɗa."

"To?"

"To ranar da sunanki ya fito, da yayarki ta zo barka, ina bayan taga ina wanke burushi. Na ji abin da ta ce."

"Me ta ce?"

"Ta ce yanzu ne za ki san kin yi auren gaggawa. Ta ce in kika fara gogayya da likitoci, warin fenti zai fara hawa miki kai." Muryarsa ta karye. "Kuma kika yi dariya."

Nas ta rufe ido. Ta tuna. Ta yi dariyar kuwa, irin wadda ake yi wa babba don a kashe zance, ta kuma ce wa yayar tata ta bar wannan maganar. Ashe rabin farko kawai ya tsaya ji.

"Sai ka binne ni a bango saboda dariya."

"Ban iya ƙona ta ba. Ban iya yaga ta ba. Kin gani ai, ko ƙura ban bari ta taɓa ta ba. Cewa na yi in yau ta wuce, sai in dawo in ce wa Hajiya zan duba wani wuri, in ciro miki abarki. Shekara ɗaya kawai nake so, in ɗan tsaya da ƙafata, in zama wanda ba za a yi miki dariya da shi ba."

"A gidana?" in ji Hajiya. "Ni ka mai da ma'ajiyar cin amana? Kai amma ka cika ɗan…"

"Hajiya bar shi," in ji Nas.

Ta ɗaga masa hannunta na dama, farce biyu a karye, jini ya bushe ya haɗu da farin gari.

"Ɓoyewar ba ita ta fi yi min ciwo ba. Shaiɗan na iya rinjayar kowa na minti ɗaya. Amma na durƙusa maka a falon can. Na ce laifina ne, ka bar ni na faɗa har sau biyu. Ƙofa shida, Baban 'yan biyu. Ka tsuguna kusa da ni kana taya ni warware jarida, kana shimfiɗawa, ka san babu komai a ciki. Har haƙuri na ba ka."

"Kunya ce ta hana ni. Da aka fasa ta farko na so in faɗa, sai na ga…"

"Sai ka ga agogo na yi maka aiki."



"'Yata," Baba ya ce ba tare da ya juyo ba, "wannan shari'ar ba ta yau ba ce. Dubi lokaci."

Ta zaro waya. Sha ɗaya da minti ashirin da takwas.

Wurin tantancewar na can ɗaya gefen gari, a motar haya sai an yi minti arba'in in hanya ta yi kyau. Ta mai da takardar cikin bututun, ta ƙanƙame shi a ƙirji, ta kwasa a guje zuwa ƙofar gida, silifas ɗaya ya fice ba ta tsaya ɗauka ba.

A bakin ƙofa ta ci birki. Ƙatuwar motar kaya ta shigo layin da baya ta toshe shi ruf, kujeru da katifu a sama, masu lodi na ihun "zo, zo, tsaya!" Motar Hajiya na can bayanta a maƙale, ba gaba ba baya.

"Direba!" Hajiya ta ƙwala kira daga bayanta. "Ja da baya ka kai yarinyar nan!"

"Hajiya wasu motoci biyu sun tare ni ta baya, sai an sauke kayan nan tukuna!"

Nas ta duba hagu, ta duba dama. Layin bayan gari ne, ko mai keke babu, titi kuma sai an yi tafiyar minti goma. Tsakanin motar kayan da katanga akwai 'yar hanya da ba abin da zai bi ta sai babur.

Babur ɗaya ne a layin. Yana jingine a gindin katanga, da ɗigon fenti a tankinsa.

Mai Fenti ya fito, silifas ɗinta a hannu ɗaya, makulli a ɗayan. Ya ajiye mata silifas ɗin a gaban ƙafarta. Idonsa ya yi jawur.

"Ta hanyar kasuwa minti ashirin ne," ya ce. "Hau in kai ki."

Hajiya ta riƙo mayafinta ta baya. "Yarinya, kin yarda da shi? Mutumin da ya shafe ki da foti?"

"Ina da wani ne, Hajiya?"

Ya hau, ya zura makulli. Ta hau bayansa, ta bar tazara tsakaninsu, hannunta biyu a kan bututun. Shekara tara in ta hau babur ɗin nan kafaɗarsa take riƙewa. Ya jira hannun, bai zo ba.

Da ta yi shiru a nan, da shi ke nan. Ta san haka, ni ma na sani, ku ma kun sani. Minti ashirin kawai za ta danne zuciyarta. Amma abin ya taso mata har wuya, ya fito kafin ta tare shi.

"Ka kai ni. In ka sauke ni kada ka jira ni, kada kuma ka dawo ɗaukata. Daga can gidanmu zan wuce, ni da yarana."

Bayansa ya sandare.

Sai a lokacin ta ji abin da ta faɗa, ta kuma tuna a bayan wa take zaune. Ta leƙa wayar da ke cinyarta. Sha ɗaya da minti talatin da huɗu.

"Baban 'yan biyu," ta ce. "Tayar mana."

Hannunsa na kan makullin. Bai murɗa ba.